Babban Mutum Mai Galahanga a Gida: Yadda Iyali a Zariya Za Su Bi Masa Haƙƙinsa Wurin Gwamnati

Kusan duk maganar da ake yi kan galahanga, wato larurar otizim, maganar yara ce: yaron da bai yi magana da wuri ba, yarinyar da ba ta kallon ido. Sai ka ce yaran nan ba sa girma. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 yana da larurar, kuma ba ciwo ba ne da ake sha wa magani ya tafi. Wanda aka yi ta yawon asibiti da shi shekara 20 da suka wuce, yau magidancin mutum ne ko cikakkiyar mace, yana zaune a wani ɗaki a Kwarbai ko Tudun Jukun ko Samaru. Makaranta ta ƙare, in ma an taɓa farawa. Uba ya yi ritaya, ƙarfin uwa ya fara ja baya.

Gara a faɗi mai ɗacin tun yanzu. Gwamnatin tarayya ba ta da albashin wata-wata da take biyan mutum don kawai yana da nakasa, kuma babu ma'aikacin da za ta turo gida ya riƙa taya ku kula da shi. Jigawa ce ta yi suna da biyan alawus ga masu buƙata ta musamman, tun 2007 zamanin Sule Lamido, lokacin da aka fara da naira 7,000 a wata, amma wannan na Jigawa ne. Abin da ɗan Zariya zai iya samu a warwatse yake a ofisoshi daban-daban: asibiti, hukumar katin ɗan ƙasa, hukumar masu buƙata ta musamman, hukumar inshorar lafiya, sakatariyar ƙaramar hukuma, kotu. Babu wanda ke sanar da ɗan'uwansa labarinku, kuma kowanne takarda zai tambaye ku. Don haka na jera matakan nan yadda takardun ke haifar juna, domin kada a je Kaduna a dawo hannu rabbana saboda an manta abin da ake yi a asibitin Shika.

Kafin a fita daga gida

Wanda ake wannan ɗawainiya dominsa baligi ne. Galahanga hawa-hawa ce: akwai mai digiri wanda hayaniya da hulɗa da jama'a kawai ke wahalar da shi, akwai wanda ke iya sana'a amma bai iya ciniki, akwai kuma wanda ba ya magana, sai an yi masa wanka an ba shi abinci. Duk inda naku yake, a zauna da shi a gaya masa abin da za a yi, da harshen da yake ganewa, ko da hoto ne ko nuni. Wanda ke iya sa hannu, shi zai sa hannu a takardunsa. Na sha ganin ana maganar mutum a gabansa kamar ba ya wurin, alhali yana jin komai.

Sannan a fitar da mutum ɗaya cikin gida wanda zai riƙe wannan aiki. A ganina kada a bar wa uwa ita kaɗai, ko da yake ita ce ta fi kowa sanin halinsa. A haɗa ta da yaya ko ƙane ko ƙanwa mai ɗan ilimin boko da waya a hannu, wanda za a iya sa ran zai daɗe yana bin lamarin. A sayi fayil mai roba da littafin rubutu guda. Duk ofishin da aka je, a rubuta kwanan wata, sunan jami'in da aka gani, da abin da ya ce.

Mataki na farko: rahoton likita

Nan ne tushen komai, kuma nan ne aka fi yin sakaci. Gidaje da yawa ba su da ko tsinken takarda da ke nuna abin da ke damun ɗansu. An ce iska ce, an ce sammu ne, an yi rubutu da hayaƙi, shekaru sun tafi. Wasu kuwa suna da tsohon katin asibitin yara wanda ba ya nuna komai sai jerin magunguna. Ofishin gwamnati ba ya aiki da "ai kowa a unguwa ya san shi".

Zariya ta yi sa'a, domin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, mai babban mazauni a Shika, yana da sashen likitocin ƙwaƙwalwa. Akwai kuma Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa a Kaduna, tafiyar kimanin kilomita 80. Hanya mafi sauƙi ita ce a fara da babban asibiti na kusa, kamar Asibitin Hajiya Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, ko asibitin unguwa, a karɓi takardar turawa zuwa sashen ƙwaƙwalwa. Wasu iyaye suna jin "asibitin ƙwaƙwalwa" sai su ja da baya, wai kada a ce ɗansu mahaukaci ne. Galahanga ba hauka ba ce, yanayin ginuwar ƙwaƙwalwa ne tun daga ƙuruciya. Sai dai a ƙasar nan likitocin wannan sashe su ne ke da hurumin tantance ta ga babban mutum, kuma hatiminsu ne hukumomi ke karɓa.

Babu gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa da ke nuna galahanga. Likita yana gane ta ne daga tarihin ƙuruciya da kuma lura da mutum. Saboda haka ranar ganin likita a tafi da wadda ta yi renonsa, uwa ko kaka ko gwaggo. Tun a gida a zauna a tuno a rubuta: yaushe ya fara magana, ko ya fara sannan ya daina, yana waiwayowa in an kira sunansa, yana wasa da yara ko shi kaɗai yake jera abubuwa, waɗanne ƙararraki ne ke sa shi toshe kunne, wane abinci ne ba ya taɓawa, yaya yake yi in an sauya masa abin da ya saba. In akwai tsohon sakamakon makaranta, a ɗauko. In yana da wani yanayi da ba zai nuna a gaban baƙo ba, a ɗauki gajeren bidiyo da waya, da saninsa in yana iya bayar da izini. Kada a yi kwaskwarima a gaban likita. Kunya kan sa uba ya ce "ai da sauƙi, yana yin komai da kansa", sai rahoto ya fito da sauƙi, taimakon ma ya zo da sauƙi.

Ba lallai a gama a zama ɗaya ba, don haka a shirya komawa. In an kammala, sai a nemi rahoto a rubuce. Yawanci ana neman sa ne da wasiƙa zuwa ga hukumar asibitin, a biya kuɗi a wurin biya, a karɓi rasit. Ga abin da za a roƙi likita ya sa a ciki, kuma babu laifi a faɗa masa kai tsaye: "Likita, don Allah a rubuta sunan larurar yadda yake a littafinku, a kuma nuna cewa ta dindindin ce." Bayan sunan, rahoton ya faɗi abin da mutumin ke iya yi da kansa da wanda sai an taimaka masa, ko yana iya sarrafa kuɗi da yanke shawara kan lafiyarsa, da sauran larurorin da ke tare da ita in akwai, irin su farfaɗiya, raunin fahimta, yawan fargaba ko rashin barci. Farfaɗiya ta fi yawa ga masu galahanga fiye da sauran jama'a, kuma ita tana da magani. Sunan da ke kan rahoton ya zama daidai harafi da harafi da wanda za a sa a katin ɗan ƙasa. A duba hatimi, sa hannu da kwanan wata kafin a bar wurin.

In ana shakkar ko yana ji sosai, Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa tana Kaduna, a je a auna. An sha ɗaukar kurma a matsayin mai galahanga, an kuma sha yin akasin haka.

Asalin rahoton ba ya fita daga fayil. A yi kwafi da yawa, a ɗauki hotonsa a waya, a tura wa wani ɗan'uwa ya ajiye.

Mataki na biyu: lambar NIN da asusun banki

Yau babu tallafin gwamnati da ke zuwa ba tare da lambar NIN ba. Yin rajista karon farko kyauta ne a ofisoshin hukumar katin ɗan ƙasa, wato NIMC, amma gyaran suna ko ranar haihuwa daga baya kuɗi ne da jeka-ka-dawo, don haka a natsu wajen cike fom. Wanda ba shi da takardar haihuwa, a yi takardar rantsuwar shekaru a kotu, sannan a karɓi takardar tabbatar da haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, wadda ita ake ba wanda ya wuce shekara 18.

Wahalar a nan ita ce ɗaukar hoto da zanen yatsu goma. Mutumin da ba ya son a taɓa shi, ko ba ya jure cinkoso, zai iya birkicewa kafin layi ya zo kansa. Dabarar ita ce ɗaya daga cikinku ya fara zuwa shi kaɗai, ya ga shugaban ofishin da kwafin rahoton likita, ya ce: "Ranka ya daɗe, ƙanena ne, yana da larura, ba ya iya zaman layi. Wane lokaci ne ya fi sauƙin jama'a mu kawo shi?" Ba alfarma kuke roƙo ba, sashe na 26 na dokar masu nakasa ta ƙasa ya ce a fara sallamar su a layi. Amma ladabi ya fi saurin buɗe ƙofa fiye da karanto sashe, a ajiye sashen sai an ƙi. A gida kuma a yi ta gwada masa: ɗora yatsu kan gilashin waya, kallon kyamara, zama kan kujera minti biyu. A tafi da abin da ke kwantar masa da hankali, ko abin toshe kunne ne, ko wani abu da ya saba riƙewa. Haka za a yi a duk ofishin da ke biye.

Da NIN a hannu, a yi masa katin shaidar mazaunin jiha na hukumar KADRIMA, mai rajistar mazauna Kaduna, sannan a buɗe asusun banki da sunansa, da BVN ɗinsa, da layin waya da aka yi wa rajista da NIN ɗinsa. Kada a sa asusun yayansa ko na babansa a fom ɗin tallafi don neman sauƙi. In suna bai dace da NIN ba, kwamfuta ce ke watsar da shi, babu wanda zai kira ku ya yi bayani. In ba ya iya sarrafa asusu, a tambayi manajan banki tsarinsu na wakilci, za su nemi rahoton likita, wani lokaci har da takardar kotu.

Mataki na uku: takardar shaidar nakasa da hukumomi biyu

A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan Dokar Hana Nuna Wariya ga Masu Nakasa ta 2018. Ita ce ta kafa Hukumar Kula da Masu Buƙata ta Musamman ta Ƙasa, wato NCPWD, wadda ta fara aiki a 2020, hedikwatarta a Abuja. Ma'anar nakasa a dokar ba ta tsaya ga gurgu da makaho ba, ta haɗa da raunin da ya shafi ƙwaƙwalwa da fahimta in mai daɗewa ne. Wannan jimla a riƙe ta da kyau, domin za ku haɗu da wanda zai kalli ɗanku ya ce, "Wannan ai lafiyarsa ƙalau, ga hannu ga ƙafa."

Sashe na 22 ya yi maganar takardar shaidar nakasa, kuma iri biyu ce. Akwai ta wucin gadi, wadda ba ta wuce kwana 180, akwai ta dindindin da hukumar ke bayarwa bisa shawarar likita. Ta dindindin kuke nema, shi ya sa na nace likita ya rubuta kalmar a rahotonsa. Ana buƙatar rahoton, NIN da hoto. Dokar ta kuma tanadi hukunci ga mai neman takardar ta hanyar ƙarya, don haka duk wanda ya ce ku ba shi kuɗi ya "fito muku da ita" ba tare da ganin likita ba, ku rabu da shi.

Jihar Kaduna kuma ta yi tata dokar a 2021, zamanin Malam Nasir El-Rufai, wadda ta samar da Hukumar Kula da Al'amuran Masu Buƙata ta Musamman ta jiha, a madadin tsohuwar hukumar gyaran nakasassu. Ga mazaunin Zariya, wannan ta fi kusa kuma ta fi amfani yau da gobe: ita ke riƙe da sunayen masu nakasa na jiha, ta hannunta horon sana'a da rabon kayan aiki ke bi, kuma ma'aikatanta za su nuna muku yadda ake cike neman takardar tarayya a lokacin da kuka je. Kafin a hau motar Kaduna, a fara leƙa sashen walwalar jama'a a sakatariyar ƙaramar hukumarku, Zariya ko Sabon Gari, a gabatar da kai ga jami'in walwala, a nemi ya sa sunan a rajistarsa ya kuma ba ku wasiƙar gabatarwa.

Kada a je da baki kawai. A rubuta wasiƙa da Turanci, shafi ɗaya, kwafi biyu: wane ne, shekarunsa, unguwa da mazaɓa, larurarsa, da abin da ake nema a fili. "A taimaka mana" ba buƙata ba ce da jami'i zai iya aiki da ita. "A sa shi a rajistar masu nakasa, a sa shi a inshorar lafiya ta marasa ƙarfi, a ba shi gurbi a horon sana'a na gaba", wannan ita ce buƙata. A miƙa ɗaya a wurin karɓar wasiƙu, a sa su buga hatimin "an karɓa" da kwanan wata a kan ɗayan, ku dawo da shi fayil. Bayan mako biyu ko uku a koma da wannan kwafi. Wasiƙar da ba a bi sawunta ba, ƙura take sha.

Mataki na huɗu: kuɗin magani

Sashe na 21 na dokar tarayya ya ce mai nakasar ƙwaƙwalwa yana da haƙƙin samun kulawar lafiya kyauta a asibitocin gwamnati. Haka yake a rubuce. A aikace kuwa, kada ku je wurin biyan kuɗi kuna sa ran mai karɓar kuɗi ya san da wannan sashe. Ƙofar da ta fi buɗuwa ita ce ofishin walwalar marasa lafiya, wanda asibitocin koyarwa da na ƙwaƙwalwa ke da shi. Ma'aikatansa ne ke binciken halin iyali su ba hukumar asibiti shawarar rage kuɗi ko yafewa. A kai musu rahoto, takardar shaidar nakasa, da wasiƙa daga mai unguwa ko dagaci da ke tabbatar da halin gidan.

Hanya ta biyu inshora ce. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin asusun kula da lafiya a matakin farko, kuma daga cikinsa ake biya wa marasa ƙarfi inshora, har da masu nakasa. A Kaduna hukumar inshorar lafiya ta jiha, wato KADCHMA, ce ke yin wannan rajista, ta cibiyoyin lafiya na mazaɓu 255 da jihar ke da su. Ku je cibiyar mazaɓarku, ko Gyallesu ce ko Limancin Kona ko Tudun Wada, ku ga shugaban cibiyar da shugaban kwamitin ci gaban mazaɓa, ku ba da suna da NIN. Gurbi ƙayyadadde ne, ba kullum ake ɗauka ba, wanda sunansa ke ajiye shi ake tunawa ranar da aka buɗe. In gidan yana da ɗan hali, ana iya biyan kuɗin shekara a shiga tsarin KADCHMA na masu zaman kansu ko na hukumar inshorar lafiya ta tarayya, NHIA. Ma'aikacin gwamnati kuwa ya lura: inshorar aiki takan ɗauki 'ya'ya ne 'yan ƙasa da shekara 18, don haka ɗan da ya girma ya fita daga ciki sai an sake shigar da shi. Kafin a biya, a nuna wa jami'in takardar magungunan da yake sha a tambaya ɗaya bayan ɗaya wanne ke cikin tsarin.

Wata magana a gefe, tunda ana batun magani. Babu ƙwayar da ke warkar da galahanga. Abin da likita ke bayarwa na farfaɗiya ne, ko rashin barci, ko tsananin fusata. In mutum mai natsuwa ya fara duka ko cizon kansa ba zato, a fara duba haƙori, kunne, ciki da fitsari kafin a ce a ƙara masa maganin barci. Wanda ba ya iya cewa "nan ke min ciwo", da jikinsa yake faɗa.

Mataki na biyar: rajistar marasa ƙarfi, da neman 'yan'uwa

Tallafin kuɗi na gwamnatin tarayya, daga naira 5,000 a wata na zamanin Buhari zuwa naira 25,000 sau uku da aka sanar a 2023, duk daga rajistar marasa ƙarfi ake ɗibar sunaye, kuma gida ake bai wa, ba mutum ɗaya ba. Ba a shiga rajistar da fom na intanet, jama'ar unguwa ne ke zama su fitar da gidajen da suka fi buƙata, jami'ai su zo su ɗauki bayani. Saboda haka mai unguwa da kansila su san da ku. Ranar da masu ɗaukar bayani suka zo, a faɗa musu akwai mai nakasa a gidan, kada a tura shi ɗaki a rufe. Saƙon da ke yawo a WhatsApp yana neman BVN da lambar sirri don "tallafin nakasassu" kuwa damfara ce.

Akwai abin da ya sa masu galahanga ke tashi a tutar babu a wajen rabo, kuma ya kamata a gane shi. A ƙasar Hausa makafi suna da sarkinsu, guragu da kutare haka nan, kurame suna da ƙungiya mai ƙarfi. In gwamnati ko mai zakka ya tashi rabo, waɗannan shugabanni ake kira a ce su kawo sunaye. Mai galahanga ba shi da sarki, yana cikin gida, sau da yawa ba ya iya zuwa taro ya yi magana. Haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu nakasa ta ƙasa, JONAPWD, tana da reshe a Kaduna, kuma cikin rukunanta akwai na masu raunin fahimta, inda iyaye ke tsayawa a madadin 'ya'yansu. Ku yi rajista, ku riƙa halartar taro. In kuna haɗuwa da wasu iyalai a ranar ganin likita, ku karɓi lambar juna. Gida goma da wasiƙa ɗaya sun fi gida ɗaya da wasiƙa goma. Ranar 2 ga Afrilu, ranar galahanga ta duniya, da 3 ga Disamba, ranar masu nakasa, lokuta ne da jami'ai ke neman wanda za su saurara, a yi amfani da su.

Mataki na shida: karatu da sana'a

Wanda ke da ƙwaƙwalwar karatu, hukumar JAMB tana da kwamiti na musamman tun 2017 da ke shirya jarrabawa ga masu nakasa, a bayyana larurar tun wajen rajista. Wanda aji mai cunkoso ke gagara, akwai Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa da Cibiyar Karatu daga Nesa ta ABU. Sashe na 29 na dokar masu nakasa ta ƙasa ya ce ma'aikatun gwamnati su yi ƙoƙari masu nakasa su kai aƙalla kashi 5 cikin 100 na ma'aikatansu, don haka mai takardar makaranta ya haɗa da shaidar nakasarsa duk lokacin da yake neman aiki.

Ga mafi yawa dai sana'a ce mafita, kuma a nan ina da ra'ayi. Horon mako biyu da ake tara mutum ɗari a zaure da lasifika bai cika yi wa mai galahanga amfani ba. Ya fi koyo wurin mutum ɗaya, a wuri ɗaya, aiki ɗaya da ake maimaitawa. Zariya kuwa gari ne na irin wannan aiki: ɗinkin hannu na manyan riguna da huluna, aikin fata, saƙa, ɗaurin littafi da buga takardu a kewayen Samaru da Kongo, kiwon kaji, ƙulla kaya a leda. Ku nemo mai sana'a mai haƙuri a unguwa, ku yi yarjejeniya da shi, sannan ku nemi hukumar jiha ko Hukumar Samar da Ayyukan Yi ta Ƙasa, NDE, su taimaka da kayan aiki. Wani babba daga gida ya riƙa leƙawa ba tare da sanarwa ba, musamman in mace ce, domin wanda ba ya iya ba da labari shi mugu ke nema.

In an hana, ko an ci zarafi

Dokar 2018 ta sa tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ko duka biyu ga mutumin da ya nuna wariya saboda nakasa, kamfani ko hukuma kuma naira miliyan 1. Ta haramta amfani da mai nakasa wajen bara. Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tabbatar da haƙƙin mutunci da na sanin irin maganin da ake yi wa mutum. Kowa a jihar nan yana tuna Satumbar 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa, da yawansu da mari a ƙafa. Duk yadda gajiya ta kai, gidan mari ba wurin mai galahanga ba ne.

Ƙorafi yana da tsani. A fara da shugaban sashen, a rubuce. A asibitin tarayya akwai teburin SERVICOM, mai karɓar ƙorafin jama'a. In ba a ji ba, sai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, dukansu suna da ofis a Kaduna kuma ba a biya. Lauya kyauta ga marasa ƙarfi yana Hukumar Ba da Tallafin Shari'a. A kowane mataki, kwafin wasiƙun nan masu hatimi su ne hujjarku.

In yana fita shi kaɗai, a yi masa ƙaramin kati mai roba ya rataya ko a ɗinke a aljihu: sunansa, larurarsa, lambar waya biyu, da Hausa da Turanci. A kai shi ofishin 'yan sanda na yankinku da wurin 'yan sintirin unguwa su san fuskarsa tun ana zaman lafiya. Mutumin da ba ya amsa tambaya, ko yake gudu in an daka masa tsawa, cikin dare ana iya yi masa ihun ɓarawo.

Bayan iyaye

Wannan ce maganar da ba a son tayarwa, kuma babu ofishin gwamnati da zai tayar muku da ita. A shari'ar Musulunci mai larura yana cin gadonsa cikakke, ba a rage masa ko sisi. Abin da ake yi shi ne a naɗa wanda zai riƙe masa dukiyar in ba ya iya sarrafa ta, a ciyar da shi a tufatar da shi daga ciki, kamar yadda farkon Suratun Nisa'i ya tsara. Wasiyya ba ta wuce sulusi kuma ba a yi wa magaji, don haka uban da ke son ware wa wannan ɗa wani abu na musamman, kamar shago ko ɗakin haya, sai ya zauna da malami masanin gado da lauya tun yana da rai, a duba hanyar kyauta ko waƙafi, a rubuta da shaidu, a kuma sanar da sauran 'ya'ya. Kotun shari'a tana iya tabbatar da wanda aka zaɓa ya zama mai kula, kuma rahoton likitan nan shi alƙali zai nema. Iyalan Kirista a Wusasa ko Sabon Gari su ga lauya a rubuta wasiyya da amana, a ajiye a sashen gado na Babbar Kotu. In uba ko uwa ma'aikaci ne, a duba fom ɗin fansho a tabbatar sunan wannan ɗa yana cikin magada.

Mai riƙe dukiya daban, mai zama da shi daban, in hali ya yi, domin kowanne ya zama ido a kan ɗayan. Wanda zai zauna da shi nan gaba ya fara karɓarsa kwana ɗaya ko biyu tun yanzu, ya saba da gidan, matar gidan ko maigidan su saba da shi.

Takarda ta ƙarshe da za a sa a fayil, uwa ce za ta faɗa a rubuta, shafi biyu ko uku da Hausa: ƙarfe nawa yake tashi, me yake ci me ba ya ci, sunan kowane magani da adadinsa da lokacinsa, lambar katin asibiti da ranar komawa, alamar da yake yi in yana jin ciwo ko yunwa, abin da ke tayar masa da hankali da abin da ke kwantar da shi, da mutanen da yake yarda su taɓa shi. A sabunta ta duk shekara, ko duk lokacin da likita ya sauya magani, a ba mutum biyu kwafi.